Leshin Maiturare a Lefen Nazeefa

Assalamu alaikum, masu bin labarin nan. Waɗanda suka yi ta aiko min da barka a kan sa ranar Nazeefa, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku riƙe barkar tukuna. Tun ranar da aka kawo lefe, ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar takarda nake taunawa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Abdulƙadir, a kasuwa Audu ake ce min. Ina sayar da leshi da shadda a kasuwar Wuse, gidana kuma yana Dutse Alhaji. Nazeefa ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ni Uwata nake ce mata. Wanda zai aure ta Uthman, yaro mai natsuwa, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya. Tunda ya fara zuwa gidana maganarmu ba ta taɓa wuce "ina wuni, Baba" da "lafiya lau, ya aiki" ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, in kau da kai in wuce masallaci. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki.

Bari in ɗan buɗe muku cikin kasuwarmu, in ba haka ba ba za ku gane damuwata ba. An daɗe da hana shigo da leshi da atamfar waje, wai don masaƙun gida su farfaɗo. Amma ku shigo layinmu ku gani. Kuɗi sun shigo garin nan, kowane ƙarshen mako biki, kowace matar oga tana son leshin da ba a taɓa gani a jikin wata ba. Kayan suna shigowa. Kowa ya san ta inda suke bi, ba mai faɗa. A layinmu mutum ɗaya ne yake da wannan hanyar, Alhaji Maiturare, shugaban ƙungiyarmu. Daga hannunsa duk muke sari.

To sai aka ce an kafa kwamiti ya duba ko za a ɗage hanin a sa haraji a madadinsa. Mu ƙanana murna muka yi. Ka biya kwastam, ka shigo da kayanka da rana tsaka, ka kwanta ka yi barcinka. A taron ƙungiya Alhaji Maiturare ya fi kowa ɗaga murya a ɗage. Uthman kuwa yana cikin ma'aikatan kwamitin. Ba babba ba ne, amma shi ke tattara bayanan kowane ɓangare ya tsara wa manya abin da za su karanta. Ba daga bakinsa na ji ba. Nazeefa ta gaya wa uwarta Rakiya, Rakiya ta gaya min, ni kuma da daɗin zan yi suruki ma'aikaci na faɗa a wurin mai shayin layinmu.

Ranar lefe tun safe gidan ya cika da ƙamshin soyayyen kaji da dubulan. Rakiya ta aro kafet a maƙwabta, ta sa sabbin labule. Dangin ango suka iso a motoci biyu, Gwaggo Luba a gaba, ƙanwar mahaifinsa wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ni ina waje kan benci, ina jin guɗa tana tashi tana sauka. Sai bayan la'asar da baƙi suka tafi Rakiya ta leƙo.

"Malam, shigo ka sa albarka kafin matan unguwa su sake cika ɗakin."

Akwatuna ruwan toka a jere, daga babba zuwa ƙarami. Atamfofi, mayafai, takalma da jakunkunansu, kayan shafa. Daidai ƙarfin ɗan albashi, ba abin kunya. Rakiya tana ta washe baki.

"Ba ka ga komai ba. Waɗanda suke cewa yaron ba shi da ko sisi, yau bakinsu ya mutu. Kalli nan."

Ta zuge babban akwatin. Jama'a, kafin idona ya gani hancina ya gaya min. Alhaji Maiturare yana turara ma'ajiyarsa da wani turaren wuta da ake haɗa masa a Maiduguri, don ya kashe warin hanya daga jikin kaya. Na shekara da shekaru ina shaƙar wannan ƙamshin. Na ɗaga na saman. Leshi ne ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, wanda Alhaji ya nuna mana a ma'ajiya ya ce ba zai sake shi kasuwa ba sai da Sallah. Ƙarƙashinsa wasu huɗu, duk nasa.

"Ka yi shiru," in ji Rakiya. "Bai yi ba ne?"

"Ma sha Allah," na ce. Na mayar na rufe.

Da aka buɗe kasuwa ban ko ɗaga ƙofar shagona ba na wuce nasa. Yana zaune kan kujerarsa mai juyawa, babbar riga fara ƙal, yana ɓare goro, mutum uku na gefensa.

"A'a, surukin gwamnati! Ku ba shi wuri, yanzu shi ne ogan layin nan."

"Alhaji, na ga kayanka a gidana."

"Kayana? Kayan 'yata dai. Gudummawa ce, Audu. Ko ita ma an sa ta cikin abin da aka hana shigowa da shi?"

Suka kwashe da dariya. Na ce, "Gudummawar abokin uba gidan uba ake kai ta. Ban taɓa jin an kai wa dangin ango ba."

"Nan Abuja ce, komai sabo ne."

Ya ɗaga wa mutanen gira suka fita. Ya tauna goronsa a hankali, sannan ya ce, "Abin da nake so ba shi da wuya. Yaron nan in ya zo tsara takardunsa, ya sa kukan masu masaƙa a sama, namu ya tura shi can ƙasa. Manya ba sa kaiwa ƙasa. Hani ya zauna inda yake."

Na zuba masa ido. "Kai fa ka ce a ɗage. A gabanmu ka buga tebur."

"A taro ke nan. Audu, ranar da aka ɗage hanin nan, duk mai kuɗin jirgi zai je ya kwaso da kansa. 'Yan Legas za su cika Wuse da kwantena. Ni me zan zama? Kai da kake murna, kana ganin za ka iya gogayya da su?"

"In yaron ya ƙi fa?"

"Ba zai ƙi ba. Ma'aikacin kwamitin da ke duba haramcin leshi, ga haramtaccen leshi a lefensa, mata sun gani, an ɗauki hotuna a waya. Ni ba zan ce komai ba, wallahi. Amma ka san bakin mutane." Ya miƙo min goro. "Kai za ka gaya masa. Daga bakin suruki magana ta fi shiga."

Ban karɓa ba. Na ce, "Wa ya haɗa ka da danginsa?"

"Tambayi 'yata Nazeefa. Yarinya mai hankali."

Ban san yadda na yi cinikin ranar ba. Wata mata ta tambayi shadda ruwan ƙasa na sauko mata da shuɗiya. Da wuri na rufe na hau mota zuwa Dutse.

Na tarar da Nazeefa a tsakar gida kan tabarma, doguwar riga baƙa, ɗankwali ya zame baya, an zana mata lallen gwaji a hannu ɗaya. Wayarta sai ƙara take, saƙo kan saƙo. Tana ganina ta miƙo min.

"Baba, ka ga abin da ƙawayena suke cewa a kan leshin zuma? Wannan ta ce, 'Amarya kin gama da mu.' Wannan kuma ta ce, 'A ina angon ya samo, ko a Legas babu.'"

"Uwata, ajiye wayar. Me ya haɗa ki da Alhaji Maiturare?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce wata rana ta kai min abinci shago ina masallaci, Alhaji ya kira ta. Ya ce, 'yata, na ji angonki ɗan albashi ne, ina so in rufa masa asiri kar ƙawayenki su raina lefe. Ya ce kar ta gaya min, don kunya za ta sa in ce a'a. Ta ba shi lambar Gwaggo Luba. Ita kuma Gwaggo aka ce mata abokan baban amarya ne suka haɗa, ta yi godiya ta jera a akwati. Uthman abin da ya tara ya damƙa wa gwaggonsa, bai leƙa akwatin ba. Wane namiji ne yake leƙa lefe?

Da na gaya mata abin da Alhaji yake so a madadin leshinsa, sai ta dafe kai da hannun lallen, duk ya ɓata mata goshi.

"Baba, don girman Allah kar ka gaya masa. Ba ka san shi ba. Ko kalandar kamfani aka kai ofis ba ya karɓa. An kafa musu ƙa'ida, duk wanda kyauta ta shigo hannunsa daga mai buƙata a kwamitin sai ya bayyana. In ya ɓoye aka gano, kora ce. Zai ce na sayar da shi saboda ƙyalle."

"To in bari Alhaji ya sa masa igiya a wuya?"

Rakiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ashe tana jinmu. Na ce mata zan kwashe lesukan in mayar wa dangin yaron, su san abin da ke ciki.

"Ka mayar da lefe? Malam, kanka ɗaya? Ko ɗankwali ka cire ka kai musu, ka ce ka fasa ba su 'yarka ke nan. Kafin ka buɗe baki labari ya kai wa dangi har Zariya."

"To in mayar wa Maiturare kayansa."

"Matan nan sun san abin da suka kawo ɗaya bayan ɗaya. Ranar biki su ce ina leshin zuma, ka ce musu me? Cewa za a yi uban amarya ya kai shagonsa ya sayar. Kuma hotunan fa, su ma za ka mayar?"

"Ke me kike so a yi?"

"A yi shiru a ɗaura aure. In ta shiga ɗakinta sai su san yadda za su yi."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar Rakiya ta kwanta min. Na yi kwanaki ina juya ta. Ina shago saƙon Alhaji ya shigo: "Audu ya ake ciki. Kwamiti na zama mako mai zuwa. Gaida surukinmu." Na goge. Washegari yaran da ke rarraba kaya daga ma'ajiyarsa suka bi layi shago shago, suka tsallake nawa.

Da yammacin Alhamis Uthman ya zo zance. Ya durƙusa ya gaishe ni a ƙofar gida kamar kullum. Da yake ban iya kallon fuskarsa, takalminsa na kalla. Baƙin takalmin ofis ne, an goge shi tas, amma an yi wa dugadugansa faci har sau biyu. Mutumin da takardun manyan 'yan kasuwa ke bi ta teburinsa ke nan. Na wuce masallaci, na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko jakar gana-mas-go na zuba lesukan biyar. Rakiya ta zauna bakin gado ta ce ba ruwanta, Allah shi ne shaida. Nazeefa ta riƙe hannun jakar a zaure.

"Baba."

"Saki, Uwata."

"Zai fasa."

"In aka ɗaura a haka, ba aure na yi miki ba, tarko na kai ki ki zauna a ciki. Saki."

Ta saki.

Na kira Enoch, maƙwabcinmu mai koriyar tasi, wanda a nan Abuja ya tsinci Hausarsa. Yana sa jakar a but ya ja hanci.

"Oga Audu, wannan jaka yana ƙamshi kamar amarya. Ina za mu kai shi?"

"Kubwa."

"Gidan ango? Kai da kanka? A wurinmu ma baban yarinya ba ya tafi, sai dai in wahala ya zo."

"Ja mota, Enoch."

Gwaggo Luba tana shanya a tsakar gida na yi sallama. Ganin uban amarya da kansa a ƙofarta ya sa ta saki zanen da ke hannunta. Ta dubi jakar, ta sunkuya ta zuge ta tun kafin in zauna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Lefe kuka dawo mana da shi? Da wane laifin? Abin da mutanenku suka kawo da hannunsu, shi ne yau ya zama abin mayarwa?"

"Hajiya, ki saurare ni, ba fasawa..."

Ina! Ta riga ta ɗauki waya. "Bari in kira shi Alhajin da ya kawo, ya zo ya faɗa min ko wasa kuke da mu."

Sai ga Uthman ya fito cikin jallabiya, waya a hannunsa, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Baba, bismillah." Ya ɗauki jakar ya kai ni ƙaramin falo, ya zauna a ƙasa, ni a kujera.

A rayuwata ban taɓa magana mai nauyin wannan ba. Ina kallon bango na gaya masa komai: leshin, ta inda ya shigo ƙasar, mai shi, da abin da yake so. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Baba, wa ya ba shi lambar Gwaggo?"

"Ni ne."

Ya dubi wayarsa. Sannan ya matso a kan gwiwoyinsa ya ajiye wayarsa kan hannun kujerata. Saƙon Nazeefa ne, ta turo tun muna hanya:

"Ni na ba Alhaji lambar Gwaggo. Baba bai sani ba sai da ya ga kayan. In ya ce shi ne, don ni ya faɗa. Ina son lefena ya yi kyau ne, ban yi tunanin aikinka ba. In ka fasa ba zan ga laifinka ba."

Ku yi tunanin dattijo da furfura a gemu, maganarsa ta farko ta kirki da surukinsa, an kama shi da ƙarya. 

"Ba komai, Baba," ya ce. "Na san dalili. Ranar Litinin zan kai jakar nan wurin ogana. Zan faɗi yadda aka yi, in roƙa a cire ni daga kwamitin. Za su tambayi ta hannun wa kayan suka bi."

"Ka ba su sunana. Ni ɗan kasuwa ne, an saba zaginmu. Ita yarinya ce, ga biki a gaba."

"In na ba su naka, Alhaji ya san ƙarya na yi. Yau da leshi ya riƙe ni, gobe da ƙaryar zai riƙe ni. Ita ma ya riƙe ta. Duk kwamitin da aka sa ni nan gaba sai ya aiko mata da gaisuwa."

Sai na yi tambayar da uba bai kamata ya yi wa saurayin 'yarsa ba. "To auren fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ina son ta. Haushi nake ji, amma ina son ta. Sai dai ba zan iya zama gida ɗaya da matar da nake ɓoye sunanta ba. In za ta zo ta faɗa da bakinta a gaban oga, rana tana nan inda aka sa ta. Gwaggo ni zan ji da ita. In kuma ba za ta iya ba..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

A mota na jingina kaina da gilashi. In Nazeefa ta buɗe baki a ofishin nan, sunan Alhaji Maiturare zai fito, da ma'ajiyarsa, da duk layinmu. Ba wanda zai ƙara ba ni ko yadi ɗaya. Mutanen da muka shekara muna cin abinci a kwano guda za su ce 'yar Audu ce ta jawo musu kwastam. Ga ta ita kanta, amarya da lalle a hannu, tsaye gaban maza masu kwat suna yi mata tambaya. Na yi ta neman wata hanyar, ban samu ba.

"Oga, ka bar jaka a can?" in ji Enoch. "To an gyara ko an ɓata?"

"Ban sani ba tukuna."

Na ciro waya na rubuta da yatsa ɗaya, yadda na iya: "Uwata bai fasa ba. Amma sai kin je ofis kin faɗa da bakinki. Ki goge hijabinki. Litinin ni zan raka ki, zan tsaya kusa da ke."

Na tura. Muka bar Kubwa, muka hau hanyar Bwari, ba amsa. Na sake dubawa wajen masu sayar da doya, ba amsa. Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na kira Rakiya, ita ma haka.

Muna karya kwanar layin gidanmu Enoch ya rage gudu ya yi fito.

"Kai, Oga Audu, ka yi babban baƙo. Wannan jif ba na Dutse ba ne."

Baƙar jif ce ta toshe ƙofar gidana, direba na ciki yana sauraron rediyo. Na san ta, ta Alhaji Maiturare ce, kullum tana fake a bakin layinmu a Wuse. Ashe kiran Gwaggo Luba ya shiga. Ban jira Enoch ya gama tsayawa ba na buɗe ƙofa. Daga zaure na ga takalmansa a bakin falona, na ji muryarsa a tausashe, irin wadda yake wa babban kwastoma.

"'Yata, ni ba na so ki yi abin da zai rufe shagon babanki. Ƙannenki da me za su ci abinci? Dube ni nan, ki gaya min me za ki ce musu."

Na tsaya, hannuna a kan labule. Raina yana cewa in shiga in rufe masa baki. Amma ranar Litinin ma ba ni za a tambaya ba. Na riƙe labulen ban ɗaga ba, ina jiran muryar Uwata.